Waƙar da Na Gyara da Jan Biro

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Bodinga, kuma ina da cutar da ke damun malamai da yawa: ba na iya ganin rubutu in ƙyale shi. Ko a allon mai shayi na hango kuskure, sai hannuna ya kama ƙaiƙayi.

Ƙanena, wanda na ba shekara tara, albasa yake nomawa a fadamar Danchadi. Amma in ka tambaye shi sana'arsa, sai ya ce shi mawaƙin gambarar zamani ne, wato hip hop. Hula a juye, wando kamar buhu, yana ban ruwa yana zuba baiti. Ranar kasuwa sukan haɗu da samarin Kajiji a Shagari, bayan shagon cajin waya. Wani ya riƙa bugun jarka, mutum biyu su yi ta jifan juna da baiti har ɗaya ya rasa ta cewa. Ban taɓa ganin an kayar da shi ba, ban kuma taɓa yaba masa ba.

Wata rana da rani na bi shi fadama, muka zauna bakin rijiya, na ba shi labarin darasin da na koyar da safe. Na ce masana sun ce taurari na ta nisantar juna, kowanne yana cin makamashinsa, har a kai lokacin da duk za su mutu. Zafin da ya rage ya bazu daidai wa daida, babu wuri mai zafi, babu mai sanyi, komai ya tsaya cik.

Ya ce, "Yaya, wagga magana ta boko ta, ko Malam ma ya san da ita?"

Na ce Malam na makarantar allo ya karantar da mu cewa za a naɗe sama, kuma Allah kaɗai ya san sa'ar. Su masu boko kunu suke kallo yana hucewa, suna awo. Amma gaskiya tasu ta fi kashe mini jiki. Tashin kiyama akwai busa, akwai taro, akwai wanda zai tambaye ka. Wannan kuwa shiru ne kawai.

Bayan mako guda ya zo da waƙa. Wayarsa ba ta ɗaukar murya da kyau, sai muka ɗauka a tawa, yana buga gwiwarsa da tafin hannu:

"Duniya kunu ta, tana huce a sannu dai,
Tamraro na bisa za a kashe hitilatai,
Mai ƙarhi da marar ƙarhi dut sun koma ɗai,
Kowa ad da rai shi jira ranatai."

Burinsa guda ne: ya kai ta situdiyo a birnin Sakkwato, a ji shi har Kano da Kaduna.

Washegari na kunna ta a ofishin malamai, ina ɗan jin kaina. Wani abokin aikinmu da ya yi karatu a Kano ya fashe da dariya, ya riƙa maimaita "hitilatai, hitilatai" yana karya wuya. Sauran suka taya shi. Dukanmu fa haka iyayenmu ke magana. Kunya ta rufe ni, kuma maimakon in ji haushinsu sai na ji haushin waƙar. Nan take na goge ta daga wayar.

Na karɓi takardar baitocin na zauna mata da jan biro. Hitilatai ta koma fitilarsa, ranatai ta koma ranarsa, duk inda ya sa "ha" na mayar da "fa". Amsa-amon ya wargaje, don "fitilarsa" ba ta tafiya da "dai", sai na yi masa faci da kalmomi na kaina.

Ya karanta sau biyu ya ce, "Yaya, in na hwaɗi hakanga, bakina ba shi sauka bisa kiɗin."

Na ce, "Kano kake son ta ji ka, ko jakunan Danchadi?"

Wata guda yana yawo cikin albasa yana koyon "fa", kamar mai hura wuta. Da aka cire albasa ya tafi birni ya ɗauko waƙar.

Ta fito tsaf, kiɗa mai nauyi, babu kuskure ko ɗaya. Ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda ya ce a sake kunnawa. Samarin Kajiji suka ce ya zama mai karanta labarai a rediyo. Daga nan ya rage zuwa bayan shagon caji, in ya je ma sai ya tsaya daga baya. Ni kuma duk shekarar da na zo kan darasin nan, na rubuta a allo cewa ƙarshen komai shi ne a daidaita har bambanci ya ƙare, sai in ji allin ya yi mini nauyi. Ɗalibai na kwafa, ni ina tunanin abin da na yi da hannuna.

Da damina ta biyu zazzaɓi ya kama shi. Kwana huɗu ya yi, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan an share makoki, wata safiya Inna ta kira ni ɗakinta. Ita ba ta taɓa son waƙar nan ba, kullum cewa take yi shiririta ce, kuma ba ta taɓa tsayawa ta saurara ba. Tana zaune kan tabarma, carbi a hannu.

Ta ce, "An ce ƙanenka ya bar waƙa cikin waya. Sa mini in jiya muryatai."

Na kunna ta situdiyo, don ita kaɗai ta rage a duniya. Na aje wayar kusa da ita. Ta karkata kai, ta daina jan carbin, ta saurara tun daga farko har kiɗan ya ɗauke. Ni dai ƙasa nake kallo.

Sai ta gyaɗa kai ta ce, "Wanga yaro ya iya, Allah shi raya shi. To, yanzu sa mini ta ƙanenka."