Baƙon da Ya Ƙi Komawa Falo

Shekarar da Dutse ta zama babban birnin jiha, kusan kowa a garin ya kamu da son bulo. Ma'aikata suka yi ta tahowa daga Kano suna neman haya, mu kuma 'yan gari muka fara jin kunyar ɗakunanmu na ƙasa. A Yalwawa inda muke, sai ka wayi gari ka ga maƙwabci ya rushe soron kakansa ya ɗora kwano. Maigidana ma bai tsira ba. Ya sare darbejiyar ƙofar gida, ya gina falo a wurin, da babbar taga mai gilashi tana kallon titi, wato yamma. Silin kuwa aka ce sai an samu sarari. Na yi murna sosai. Na sa labule mai furanni, na jera kwanukan samira a kabad, duk baƙon da ya zo can ake kai shi.

Mahaifiyarsa, Inna, ita ce ta ce ba a isa a taɓa mata ɗaki ba. 'Yar gidan maƙera ce daga wajen Miga, ba ta da yawan magana amma in ta faɗa ta zauna. Ɗakinta na ƙasa ne, bango mai kauri, rufin azara, da ƙananan tagogi can sama kusa da rufi. Aka bar mata abinta a ƙarshen gida.

Maigidan yana da kemis a kasuwa, shago ɗan ƙarami na kwano. A wani azumi da ya faɗo tsakiyar bazara, bayan azahar, aka shigo mini da shi a kafaɗar mutane. Ya yanke jiki ya faɗi a bayan kanta. Likita ya ce hawan jini ne, ya rage gishiri, ya kuma guji zama cikin zafi. Gishirin na rage. Zafin kuwa, a nan abincinmu yake. Tun daga ranar, duk bazara in ya fita da safe sai na bi bayansa da addu'a, kuma ko sallamar maƙwabciya na ji da rana tsaka sai gabana ya faɗi.

Haka muka yi shekaru. Ya sa wa shagonsa silin na tabarma, ya kafa rumfa a gaba, abin ya ɗan yi sauƙi.

Sai a shekarun da aka fara shari'a, gwamnati ta ce za ta gina sabbin shaguna a jere, ta mayar da 'yan kasuwa can, a rushe tsofaffin. A lokacin an zaɓi maigidan shugaban ƙungiyar masu shaguna na layinsu. Ranar da aka nuna musu zanen ginin ya dawo bai ci abinci ba. Na tambaye shi, ya ce, "Tanda za a gina mana. Rufi gajere, kwano ba silin, ba taga a baya, ƙofofi duk suna kallon yamma saboda titi." Ya ƙara da cewa, "Shekara ɗaya ba na jin zan yi a ciki."

Ban taɓa jin ya faɗi haka a kan kansa ba.

Ƙungiyarsu ta tashi tsaye. Akwai tela a cikinsu, akwai masu kayan masarufi, akwai mai sayar da ƙanƙara da lemo. Abin da suke nema ba mai yawa ba ne a ganina. A ɗaga rufin, a sa silin, a bar kafofin iska a sama gaba da baya, a yi baranda, a juya ƙofofi su daina fuskantar ranar yamma, a bar wurin dasa itatuwa. Kuma suka ce kada abin ya tsaya a kansu, a mayar da shi ƙa'ida ga duk shagon da gwamnati za ta gina. Mai ƙanƙara ne ya ƙara maganar sola. Ya taɓa ganin farantin sola a wani ƙauye yana ba famfo wuta, ya ce in an sa musu irinsa, sun huta da janareta da ke cinye ribarsu a man fetur. Wasu suka yi masa dariya, amma maigidan ya kama maganar, don alluransa da sirof suna lalacewa duk lokacin da aka ɗauke wuta.

Sun yi ta sintiri zuwa ofishin Daraktan da aikin yake hannunsa. Mutumin kirki ne, yana karɓarsu da fara'a, ya sa a kawo musu lemo, ya ce za a duba. Wata rana maigidan ya dawo yana murmushin takaici. Ya ce, "Yaya zan yi wa mutum bayanin zafi, alhali sanyin ofishinsa har sai da na naɗe hannuna cikin riga? Ina magana ni kaina ina jin kamar ƙarya nake." Ga shi ana cewa kafin faɗuwar damina za a haƙa harsashi.

Ana cikin haka babbar 'yarmu ta sauke Alƙur'ani. A shekarun nan an rage kaɗe-kaɗe, walima ake yi, a karanta, a yi addu'a, a ci abinci. Maigidan ya gayyaci mutane, har da Daraktan, irin gayyatar nan ta fita kunya da ba a sa ran zuwa. Sai ga motarsa a ƙofar gida bayan azahar, rana na tsakiyar dukanta.

Ina za a ajiye babban baƙo? Ba wanda ya tsaya tunani. Sauran jama'a suna zaune a tabarmi a inuwar katangar masallaci, shi kuwa aka wuce da shi falo, aka zaunar da shi a kujerar da ta fi kyau, daidai gaban taga. Karramawa ke nan a wurinmu. 'Yan ƙungiya suka shiga suka kewaye shi. Ba a jima ba aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Janaretanmu kuma ba mai, don lokacin ana layi a gidajen mai.

Ina madafa maigidan ya leƙo da kansa. Ya ce, "Ƙaro zoɓo. Mutumin nan ya jiƙe sharkaf, babbar rigarsa ta manne."

Na ce, "Alhaji, ko a kai shi ɗakin Inna? Can da sanyi."

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Darakta guda a ɗakin ƙasa? So kike a yi da ni a kasuwa har Sallah?"

Na ɗura zoɓo na miƙa masa.

Baƙon ya daure har aka yi addu'a. Da zai tafi, sai ya ce ba ya fita gidan mutane bai gaida tsohuwa ba. Ni kuwa ina ɗakin Inna ina kasa alkaki da dubulan a kwanuka, na ji sallamarsu a bakin ƙofa. Ba hanyar fita, sai na ja hijabina na koma kusurwa bayan randa.

Baƙon ya cire takalmi ya shigo, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa, ta tura masa buzu. Ya zauna da niyyar tashi, sai na ga ya lumshe ido. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ɗaga kai yana kallon azara. Inna ta yi mini alama, na ɗebo ruwan randa a moɗa na miƙa wa maigidan, ya ba shi. Ya shanye tas.

Inna ta ce, "Ɗan wane gari ne baƙon namu?"

Ya ce, "Daga wajen Garki, Inna. Iyayena suna can da 'yan shanunsu."

"Af, Bafillace ne. Shi ya sa na ga ba auki. An ba ka tuwo kuwa, ko ba ka iya ci ba?"

Maigidan ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, gidan maƙera ta fito."

Daraktan ya yi dariya har da buga cinya. Tsakanin Fulani da maƙera ai ba a jin haushi. Ya ce, "Yanzu na gane. Inna, ku maƙera ba ku da tausayi. Kun saka ni a murhu kuna zuga mini wuta, ke kina nan kina shan iska."

Ta ce, "Ni na kai ka? Ɗan nan ne ya gina abinsa, ya ce nan ne wurin manya. Mu ƙanana muna nan."

Maigidan duk ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a koma falo, an kawo abinci."

"Alhaji, in korata kake ka faɗa mini. In kuwa ba kora ba ce, a kawo abincin nan."

Aka kawo. 'Yan ƙungiya suka biyo kwanuka, suka tsaitsaya a bakin ƙofa don ɗakin ba zai ɗauke su ba. Telan nan, wanda ba ya iya riƙe magana, ya ce, "Ranka ya daɗe, ka san falon Alhaji ya fi shagunan da za a gina mana tsawon rufi? Ga taga kuma. Mu namu ko tagar babu."

Daraktan ya tsaya da loma a hannu. Ya dubi maigidan ya ce, "Haka ne?"

Ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. Kai ɗan zama ka yi. Mu daga hantsi har magariba ne."

Sai Inna ta yi magana. Maigidan ɗan farinta ne, ba ta faɗar sunansa, ba ta taɓa nuna damuwa da shi a gaban mutane ba. Ko ranar da ya faɗi, ɗakinta ta shiga ta rufe. Amma ran nan ta ce, tana kallon carbinta, "Ni ban san aikin gwamnati ba. Na dai ga ranar da aka shigo da wani a kafaɗa, bakinsa da azumi, daga ɗakin kwano. Ba na so in sake gani kafin Allah Ya karɓi abinsa."

Ni dai hawaye suka zubo mini a bayan randa, na toshe baki da hijabi.

Daraktan bai yi alkawarin komai ba. Ya wanke hannu, ya mayar da hularsa, ya ce wa maigidan, "Kada ku ƙara zuwa ofis a kan maganar nan. Akwai shago ɗaya da aka gina na gwaji. Mu haɗu a cikinsa ranar Litinin bayan azahar. Zan zo da injiniya da ɗan kwangila, a rufe ƙofa mu yi taron a ciki."

Inna ta ce, "A ba shi alkaki ya kai wa Fulani, su ɗanɗana abincin gari."

Labarin taron Litinin a bakin maigidan na ji shi. Ya ce injiniyan tun kafin a zauna ya yarda, ya ce dama shi ma ya faɗa an ce masa tsada. Ɗan kwangila ne ya tirje, yana share gumi yana cewa aikin zai wuce abin da aka tsara. Aka yi ta ja. Daga ƙarshe 'yan kasuwa suka ce a cire babbar ƙofar ado da fentin waje, a mayar da kuɗinsu kan rufi da silin, su kuma sun ɗauki dasa itatuwa da ba su ruwa. Layi ɗaya bai juyu ba saboda yanayin filin, sai aka faɗaɗa masa baranda. Wasu daga cikin ƙungiyar sun yi fushi, sun ce an ja musu jinkiri, har wani ya daina gaisawa da maigidan na wani lokaci. Amma an sake zanen, kuma an rubuta cewa duk shagon da gwamnati za ta ƙara ginawa haka za a yi shi.

Solar ta fi ba da wahala. Sai da aka tare, aka yi damina, sannan gwamnati ta amince ta haɗa hannu da ƙungiya. Aka kafa farantan a kan rijiyar burtsatse ta kasuwa, aka ja wuta zuwa wani ɗaki mai firiji da masu kemis suke ajiye allurai. Mai ƙanƙara ya riƙa tsayawa a ƙarƙashinsu yana yi wa mutanen ƙauye bayani kamar shi ya ƙera.

Ban cika zuwa kasuwa ba. Amma a bazarar farko bayan sun koma, na roƙi maigidan ya bar ni in zo in gani da idona, kuma na zaɓi tsakar rana da gangan. Na sauka daga mota ƙasa na ƙuna ta cikin takalmi. Na bi baranda ina duba shaguna har na kai nasa. Rufin can sama, fari, iska tana shiga ta kafofin baya tana kaɗa kalandar bango. Yana zaune a benci shi da tela, suna musu a kan siyasa, ga butar shayi a gabansu tana tururi.

Na ce, "Alhaji, shayi da ranar nan?"

Tela ya ce, "Hajiya, ki yi masa faɗa. Tun da muka dawo nan ya zama ɗan gayu, kullum sai ya sa an dafa."

Maigidan ya tsiyaya a kofi ya miƙo mini. Na karɓa na zauna daga ciki, ina kallon fuskarsa. Ba gumi, idonsa fari, numfashinsa daidai. Na sha shayin duk da zafinsa. Da na koma gida ban cire hijabi ba, na wuce ɗakin Inna na ce mata na gani, lafiya lau yake. Ta ce, "Wa ya aike ki ki dubo?" Sai ta juya ta fuskanci gabas, ta ɗaga hannu, ta daɗe ba ta sauke ba.