Naman Layya a Bakin Shingen Nukiliya

Ɗana na fari ɗan sanda ne, amma ba irin waɗanda ake gani suna zagaya kasuwar Woolwich ba. Shi tashar nukiliya yake tsaro, can bakin teku, tafiyar awa biyu da wani abu daga London, kuma da bindiga yake wuni. Ranar da ya gaya mini aikin da zai nema ke nan ina yanka albasa, na ajiye wuƙar na ce duk ayyukan ƙasar nan bai ga na yi ba sai tsayuwa a gindin abin da masu shi ma tsoronsa suke ji? Na yi faɗa na sati biyu. Na haɗa shi da kawunsa. Na yi irin fushin da ba na amsa gaisuwa sai da ka. Bai fasa ba. Da na ga yaron da ba ya iya tashi makaranta sai an yayyafa masa ruwa ya koma fita gudu a bakin kogi ko ana ruwan sama, sai na san abin ya shiga ransa, na haƙura ina ƙunƙuni.

Abin haushin, ni na taya shi karatun. Lokacin horonsu yakan zo ƙarshen mako da tarin katuna, ya zaunar da ni a teburin kicin, in karanto tambaya shi ya ba da amsa. Ina ikonsa ya tsaya? Cikin tashar, da yankin da ke kewaye da ita, da duk inda suka raka kayan tashar in za a kai su wani wuri. Yaushe zai kama mutum? Sai yana da dalilin zargi wanda zai iya maimaitawa a gaban alƙali, kuma dole ya gaya wa mutumin dalilin. Yaushe zai harba? A nan yakan daina wasa da cokali. Sai in ba sauran wata hanya ta kare rai, ya yi gargaɗi in da hali, kuma kowane harsashi shi kaɗai zai amsa tambaya a kansa, ba zai ce oga ne ya sa shi ba. In ya harbi mutum kuma, shi ne zai fara durƙusawa ya tsayar masa da jini.

"Ka harbe shi kuma ka ɗaure masa ciwo?" na ce.

"Yes, Mama. That's the job."

Ni da na girma ina ganin mai bindiga a kan hanya ya ce a sauko a sauko, ba mai tambayarsa dalili, abin ya yi mini banbaraƙwai. Amma na haddace. Har katin da ya ce tsallake iyakar irin wannan wuri ba izini laifi ne da za a iya kai mutum kotu a kansa, na karanta masa shi ya fi sau goma. Don haka ba zan ce ban sani ba. Abin da ya faru shi ne a raina na ɗauka dokar ta jama'a ce, ni kuwa ba jama'a ba ce, uwarsa ce.

Babbar Sallah ta zo bai gama lokacin gwajinsa ba, ya ce ba zai samu zuwa ba. Na ce to, Allah Ya taimaka, kamar ko a jikina. Da na je idi a masallacin Regent's Park sai na ga kamar kowace mace da ɗanta a gefe, mai riƙe mata jaka, mai ɗaukar ta hoto. Na dawo gida na tarar da shiru. Washegari na karɓo rabona na rago a wurin mahauci, na soya shi da kitsensa yadda yake so, na barbaɗa yaji. Na zuba a kula na rufe. Na zauna, na tashi, na buɗe kular na sake rufewa. Na kira wayarsa sau uku ba a ɗauka ba, alhali na san ba sa riƙe waya a bakin aiki. Sai na kira ƙanena da ke Catford, wanda yake tuƙin minicab, wato tasi.

"Yaya, kin yi masa text kuwa?"

"Tun yaushe uwa take neman izini kafin ta kai wa ɗanta naman layya?"

"To mu ajiye masa a gidan da yake haya mana."

"Su cinye kafin ya tashi? Kai dai zo ka ɗauke ni."

Ba cinyewar ce damuwata ba. So nake in gan shi a cikin kayan nan, tsaye, in miƙa masa da hannuna. Kuma a wurinmu ba a sanar da zuwa, daɗin ziyara shi ne mutum ya ɗaga kai ya gan ka. Na naɗe kular a zani na ƙulle bakin gam don kar ta huce, kamar yadda muke yi in za a kai abinci asibiti.

Duk hanya ina tsangwamar ƙanena, ya cika tafiyar hawainiya, ya kashe rediyon nan, ya buɗe taga, ya rufe taga. Da ginin ya fara bayyana daga nesa, ƙato, fari-fari, ba ko taga, shi ma zumuɗi ya kama shi. Ya karya kan wata hanya da ke da allon gargaɗi a bakinta. Na ga allon, na karanta shi, na kawar da kai. Ya tsaya a gefe ya fito da waya yana ɗaukar shingen yana cewa, "Jama'a ga inda ɗanmu yake aiki, ku sa albarka," ya tura wa group ɗin dangi. Ni kuwa na sauka da ƙullina a rungume, na nufi shingen ina neman wanda zan tambaya.

Ban yi taku ashirin ba mota ta tsaya a gabana. Mutum biyu suka fito, mace da namiji, bindigoginsu a rataye a ƙirji, bakinsu yana kallon ƙasa. Namijin ya wuce wurin ƙanena. Macen ta ce in ajiye abin da ke hannuna, in ja da baya, in bar hannuwana inda za ta gan su. Ba ta yi tsawa ba, da ta yi ma da na fi samun bakin magana. Na ajiye. Ta tambayi abin da ya kawo ni, na ce ɗana na zo gani, a nan yake aiki, nama na kawo masa na Sallah.

Ta ce, mene ne sunansa?

Nan bakina ya mutu. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina aka sa masa. Mu a gidanmu mace ba ta kama sunan ɗanta na fari, balle ya zama sunan ubanta ne. Kunya ce, da ita muka tashi, ban taɓa jin mahaifiyata ta kira yayanmu da sunansa ba har ta koma ga Allah. Shekara ashirin da shida ina zaune a ƙasar da komai sai an faɗi suna, amma na san yadda nake zillewa. A asibiti kati nake miƙawa. A makaranta in ce my son, su su ƙarasa. A gida kuwa "kai" ya ishe mu, ko "mai sunan Baba". Yau ga ni ba kati, ba takarda, ga ƙanena yana ji. Na buɗe baki, sunan ya zo har maƙogwaro ya tsaya.

Ta sake tambaya, a hankali, kamar mai magana da wadda ba ta jin Turanci. Na ce, dogo ne, baƙi, bai daɗe da farawa ba. Na ga fuskarta ta canja. Daga baya na zauna na duba abin ta inda take tsaye, na ga ba ta da laifi ko kaɗan. Ga mace da ƙulli a ɗaure ta nufo shinge, ga namiji yana ɗaukar bidiyo, matar ta ce ɗanta ta zo gani amma ba ta san sunansa ba. Ni ma da ni ce da ban yarda da ni ba.

Ƙanena ne ya ɗaga murya daga mota, hannuwansa a kan sitiyari, ya faɗi sunan. Aka yi magana a rediyo. Can wata mota ta zo, ɗana ya fito tare da wani babba a cikinsu. Na gan shi kuwa a cikin kayan, kamar yadda na so. Ya ce wa babban, "That's my mother," aka ce ya tsaya baya, ya tsaya. Bai gaishe ni ba. Bai ko kalli fuskata ba, hannuwana yake kallo, da ƙullin da ke ƙasa. Na ji haushi ya taso mini har ina jin zafinsa a kunne, sai kuma kunya ta danne shi.

Ba su kama mu ba, don ba mu kai ga iyakar ba, saura kaɗan. Sun rubuta sunayenmu da adireshi da lambar mota. Na kwance zanin da kaina, ƙamshin yaji ya tashi, na ga macen ta danne murmushi. Ƙanena ya ce bari ya yi delete na bidiyon, ta ce ba ta da ikon sa shi ya goge, amma wa da wa ya tura wa? Ya duba wayar. Har an fara sa albarka daga gida, Zariya. Muka juyo da namanmu.

Washegari da la'asar ɗana ya kira. Muryarsa ba fushi, kuma wannan ya fi damuna. Ya ce an karɓi bindigarsa, an mayar da shi ofis, sai an bincika ko shi ya gaya mana inda yake tsayawa da lokacin aikinsa. In aka ga shi ne, to tunda bai gama gwaji ba, shi ke nan. Na ce ai ba ka gaya mini komai ba! Ya ce ya sani, amma ba shi zai yanke ba. Na ce in zo in yi musu bayani? Ya ce, "Mama, please. Don't come."

Kwana shida na kasa zaune na kasa tsaye. Na wanke labulen da na wanke kafin Sallah. Na wuce tashar da zan sauka a bas sau biyu a hanya ɗaya. A wurin aiki, gidan kula da tsofaffi, na kai wa wata tsohuwa shayin wata har ta tambaye ni ko lafiya. Na kira ƙanena na wanke shi tas a kan bidiyon, ya bari na gama ya ce, "Yaya, ni na ce a sauka?" Na kashe wayar. Naman yana firij na kasa ci na kasa bayarwa. Ni da na yi wata da watanni ina roƙon Allah Ya sauya masa aiki, sai ga ni ina roƙon a mayar masa da bindiga. Tsoro nake ji ƙwarai, kar a ce yaro ya yi gudun nan duka, ya haddace katunan nan duka, uwarsa ta zo da kula ta rushe.

Rana ta bakwai ina goge kicin wata mata ta kira daga ofishinsu. Ta ce za ta ɗauki bayanina, ana naɗar maganar, ko na yarda? Na ce na yarda. Ta tambayi sunana na faɗa. Ta ce in tabbatar mata da cikakken sunan ɗana.

Na waiga, alhali na san ni kaɗai ce a gidan. Na dafa teburin. Na faɗe shi, duka ukun, har da na mahaifinsa. Ban taɓa jin yadda yake fita daga bakina ba, ya yi mini nauyi kamar na ɗaga turmi. Ita ko ba ta san an yi wani abu ba, ta ce na gode ta wuce tambaya ta gaba. Na gaya mata komai, cewa bai taɓa faɗa mini lokacin aikinsa ba, ni na lissafa tunda bai zo Sallah ba. Da ta tambayi abin da ya hana ni faɗin sunan a bakin shinge, na yi mata bayanin ɗan fari da kunya iya Turancina. Ta ce za ta rubuta yadda na faɗa.

Bayan kwana biyu ɗana ya kira da rana, ina layin biya a kantin kifi. An gama, an ga ba shi da hannu, gobe zai koma bakin aikinsa. Na fita daga layin na jingina da bango ina alhamdulillahi, mutane suna ratsa ni. Sai ya ce an ba shi bayanina ya karanta. Ya ce bai taɓa sanin dalilin da ya sa ba na kiran sunansa ba. Tun yana ƙarami ya ɗauka sunan ne ba na so, ko kuma wani abu ya yi mini da bai sani ba. Ƙannensa ina kiran su har maƙwabta su ji, shi kuwa "kai".

Ban taɓa tunanin abin da duk yaron Zariya ya sani ba tare da an gaya masa ba, nawa yana buƙatar a gaya masa.

"An rubuta kin faɗi sunan," ya ce da Hausarsa mai tsalle-tsalle. "Say it, Mama. Sau ɗaya."

Na buɗe baki. Wallahi na yi niyya. Abin da ya fito shi ne ya kula da kansa, ya riƙa cin abinci. Ya ce to. Matar ofis da ban san fuskarta ba ta ji sunansa daga bakina, shi har yau bai ji ba.