Takalmin Tseren Babur da Na Zaɓa wa Ƙanena

Abubuwa da yawa sun same ni a Abijan waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa, amma maganar takalmin tseren babur da na zaɓa wa ƙanena, wannan kam har a binne ni tana nan a raina. Shekaru sun ja, gemuna ya fara furfura, amma duk ranar Juma'a sai na sake ganin abin da hannuna ya jawo.

Sana'ata sayar da takalma ce a kasuwar Adjamé. Gwanjo nake buɗewa, dila-dila, irin waɗanda ake saukewa a tashar jirgin ruwa a turo mana a amalanke. Lokacin da abin ya faru na shekara goma sha takwas a wannan aiki, kuma gaskiya kaina ya riga ya yi girma. Mutum zai tsaya gaban rumfata, kafin ya buɗe baki na dubi ƙafarsa na faɗa masa lambar da yake sawa. Ina kuma da ƙa'ida guda da na gada a gida, wato takalmi sai da sarari. Tun muna yara Inna takan karya tsinken tsintsiya daidai tsawon ƙafar kowannenmu, ta ƙara faɗin yatsa biyu, ta ba Baba ya tafi da shi kasuwa. Da na girma sai na samo wa ƙa'idar hujja. Zafin garin nan yana kumbura ƙafa, kuma Musulmi sau biyar yake cire takalmi a yini, to me zai kai shi sayen abin da sai ya yi kokawa da shi a ƙofar masallaci? Da wannan maganar na sayar da takalman da ban san iyakarsu ba, kuma ba wanda ya taɓa dawo mini da ƙorafi.

Ƙanena shi ne autanmu, na ba shi shekara goma sha biyu. A nan aka haife shi, Faransancinsa ya fi Hausarsa santsi. Makaniken babura ne a wani gareji a Treichville, ba nisa da babban masallaci. Mai garejin dattijo ne ɗan ƙabilar Jula, kowa Tsoho yake ce masa, yana ɗingishi da ƙafar hagu saboda a ƙuruciyarsa ya yi tseren babur. A wurinsa ƙanena ya kamu da son abin. Irin tseren nan ne na filin ƙasa, da tudu da kwari da laka, wanda ake yi a bayan gari ranar Lahadi.

Inna ta daɗe tana cewa ba da yawunta ba. Ya lallaɓa, ya aiko mutane, ya yi fushi ya huce. Daga ƙarshe wata rana bayan la'asar ta kira mu mu biyu, ta dube ni ta ce, "Ni ban san hular kwano ba, ban san rigar ba. Amma ƙafa dai aikinka ce. Kai za ka zaɓa masa takalmin. Na ba ka amanar ƙafafun yaron nan." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, in dai takalmi ne an zo gida.

Sati biyu ina bincike, na bi rumfunan abokan sana'a, na sa a kira ni duk inda aka buɗe sabuwar dila. Ranar wata Alhamis na ci karo da shi. Dogon but ne da yake kaiwa ƙasan gwiwa, fari da ja, da maɗaurai huɗu masu kullewa a gefe, da roba mai tauri a gaban ƙwauri, da ƙarfe a bakin yatsu. Da gani wanda ya yi amfani da shi bai sa shi ya fi sau uku ba. Na juya ƙasansa na ga lamba arba'in da biyar. Ƙanena arba'in da uku yake sawa. Na ce alhamdu lillahi, ga kyau ga sarari. Ko rumfa ban rufe ba, na bar wa maƙwabcina, na shiga mota na ƙetare gada da takalmin a kan cinyata.

Na iske ƙanena a gareji, Tsoho yana zaune a kan wata tsohuwar taya yana wanke kabureta. Na zazzage takalmin daga buhu, masu jiran gyara suka taso suna yabawa. Tsoho bai yaba ba. Ya goge hannu, ya karɓa, ya kama gaba da baya ya murɗa kamar mai matse wanki, takalmin bai murɗu ba. Ya danna wajen idon sawu, ya duba ko robar ta tsage, ya buɗe maɗauran ya kulle ɗaya bayan ɗaya. Ya ce takalmi mai kyau ne, sannan ya ce wa ƙanena ya sa safa mai kauri ya gwada.

Ƙanena ya sa, ya kulle maɗauran har ƙarshensu. Tsoho ya ce, "Tsaya. Ɗaga dunduniyarka." Ya ɗaga. Kowa ya ga dunduniyar ta tashi a ciki, takalmin kuwa yana nan a ƙasa. Tsoho ya tsuguna ya riƙe shi da hannu biyu ya ce ya juya ƙafarsa, ƙafar ta juya a ciki. Ya zura hannunsa ta sama tsakanin ƙwauri da bakin takalmin, hannun ya shige har wuyansa. Sai ya ɗago ya dube ni, da Faransanci ya ce, "Babban wa, wannan ba nasa ba ne. Takalmin tsere ba na tafiya ba ne. Aikinsa ya riƙe idon sawu kada ya karkace, ya kuma zauna a ƙafa in an faɗi. Yatsu su ɗan motsa, shi ke nan. Dunduniya ba ta motsi."

Ya shiga ciki ya fito da wani baƙin but, duk ya kurkurje, wai wani abokinsa ne ya bar masa. Lamba arba'in da uku. Ƙanena ya sha wuya kafin ƙafar ta shiga, da ya tashi kuma sai ya riƙa takawa tiƙis-tiƙis. Tsoho ya sa shi ya hau babur ya taka birki, ya canja giya, ya miƙe tsaye a kan matakan, yana tambayarsa ko akwai inda yake cizonsa, ko yatsunsa sun fara mutuwa. Ya ce babu. Da ya zo cirewa sai da ya zauna a benci ya yi ta fama. Ni kuwa na fashe da dariya, na ce, "Kai, kafin ka cire wannan ai liman ya sallame!" Mutane suka yi dariya, ni kuma dariyar ta ƙara mini ƙarfi.

A nan ne raina ya ɓaci, don na ga ana neman a koya mini aikina a gaban jama'a. Na ce, "Tsoho, kai ka san inji, ni na san takalmi. Na taɓa zuwa na ce ga yadda za ka kwance kabureta? Sarari kaɗan ne, kuma maganinsa yana aljihuna." Na ciro soson katifa da muke cusawa a bakin takalmi in ya yi wa mai saye yawa, na yanka na tura a ciki, na ce a ƙara safa ta biyu. Ƙanena ya sake sa farin. Na tsaya a kansa, hannuna a ƙugu, na ce, "To, yaya ka ji shi yanzu?"

Ya dubi ƙasa ya ce, "Ya yi, Yaya."

Tsoho ya ce masa, "Ƙafarka ce fa. Faɗa masa gaskiya."

Ƙanena ya sake cewa, "Ya yi."

Tsoho ya ɗauki baƙin takalminsa ya mayar ciki, ya koma kan kaburetarsa. Ni kuwa na koma Adjamé ina jin na yi nasara. Yanzu in na tuna muryar da na yi tambayar nan da ita, na san amsa ɗaya kawai na bar wa yaron.

Ranar Lahadi da hantsi na je filin, karo na farko ke nan da na ga irin wannan tsere da idona. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ƙasa ta jiƙe, kowace kwana duk laka. Baburan suna ƙara har cikin mutum yana rawa. Ina hango ƙanena tun daga nesa saboda farin takalmin, ina nuna wa na kusa da ni ina cewa ni na zaɓa. A zagaye na uku ya shigo wata kwana da ke gabanmu, ya miƙa ƙafar dama don ya dogara, yadda dukansu suke yi. Bakin takalmin ya nutse a wani rami da tayoyi suka haƙa. Babur ya yi gaba, takalmi ya tsaya. Na ga jikinsa ya juya, na ga ƙafar ta zare ta fito da safa kawai, sannan babur ɗin ya kwanta a kanta ya ja shi.

Da muka isa yana kwance yana cije leɓe, ƙafar ta kalli inda bai kamata ta kalla ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da na waiwaya. Takalmin yana tsaye cikin laka shi kaɗai, maɗauransa huɗu duka a kulle, ko ƙwarzane bai yi ba. Na ɗauke shi na kifar, soson da na cusa ya faɗo.

A asibiti aka ce idon sawun ya karye wuri uku, sai an sa ƙarfe. Likitan ya tambaye ni wai ba ya sanye da takalmin tsere ne. Na ce yana sanye. Mutanen gareji suka yi ta zuwa suna ce mana yako, wato sannu irin ta mutanen nan, kowace sannu kuwa ji nake kamar zagina ake yi. Inna ta iso da yamma. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna a bakin gadon ta daɗe tana kallon ƙafar, sannan ta ce, "Kai ka zaɓa?" Na ce ni ne. Ƙanena ya yi sauri ya ce, "Inna, laka ce ta ja ni." Ta ce, "Allah ya sawwaƙe." Daga ranar har ta rasu ba ta sake ta da maganar ba. Wallahi da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Bayan an sallame shi, wata rana muna zaune mu biyu a ƙofar gida, sandunansa a jingine da bango, na tambaye shi me ya hana shi faɗa mini gaskiya. Ya yi murmushi ya ce, "Yaya, ka bar rumfarka, ka ƙetaro gada da shi a hannunka, a gaban mutane ka tambaye ni. Ta yaya zan ce bai yi ba?" Ya san takalmin ya yi masa yawa tun sawa ta farko, ya kuma hau babur da shi don kada in ji kunya.

Na koma garejin na ba Tsoho haƙuri. Bai ja maganar ba, sai ya ɗauko baƙin takalmin nan ya zaunar da ni a benci, ya koya mini daga farko kamar sabon ɗan koyo. Yanzu in irin wannan takalmi ya fito mini a dila, ba na sayar wa ɗan aike, ba na sayar wa mai faɗin lamba ta waya. Mai ƙafar zai zo da kansa, da rana bayan ƙafa ta sha zafi, da safar da zai sa da wandon da zai hau da shi. Zai kulle, ya ɗaga dunduniya, ya tsuguna, ya yi minti goma a ciki. In dunduniya ta tashi ko yatsu suka mutu, ko ya yi mini magiya ba na bayarwa. In kuma ya zo da wansa ko mahaifinsa, nakan ba wan ko uban kujera can bakin hanya, in saya masa ruwan sanyi, sannan in dawo in tambayi yaron a hankali yadda ya ji. Abokan sana'a suna yi mini tsiya wai na mai da rumfa asibiti. Su yi ta yi.

Ƙanena bai sake tsere ba. Yana nan a garejin, shi ke riƙe da shi yanzu, ya yi aure har da 'ya'ya uku. Yana tafiya lafiya sai ɗan ɗingishi in ya gaji, amma idon sawun ba ya lanƙwasuwa. Duk Juma'a nakan ƙetara Treichville mu yi salla tare, sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. In aka zauna tahiya kowa yakan kafa ƙafarsa ta dama, shi kuwa sai ya miƙe tasa gefe a hankali, ta ɓangarena. Ni ne na ce a ba shi takalmi mai sarari don salla ta yi masa sauƙi.

Abin da na koya shi ne, daɗewa a sana'a ba ta sa mutum ya san abin da bai taɓa koya ba, kuma wanda yake jin nauyinka ba zai gaya maka ka yi kuskure ba. In har da gaske kake son jin gaskiya daga na ƙasa da kai, to ka tambaye shi ta yadda zai iya cewa a'a. Ni ban yi haka ba, kuma ƙanena ne yake ɗingishin, ba ni ba.