Ƙafar Kawu Igiya a Silin Likita

Duk wanda ya san Kawu Igiya a danginmu, da ƙafarsa ta hagu ya fi saninsa. Ita ce ta ɓullo ta silin falon ƙaninsa wata safiya, da silifas ɗinta da komai, ta tsaya tana lilo a saman teburin shayi. Ina zaune a falon. Garin silin ya zubo min a ka, ya zuba a kofin mai gidan. Silifas ɗin ya ɗan yi shawara, sannan shi ma ya faɗo.

Kawunnena biyu ne, ƙannen mahaifiyata. Babban shi ne Igiya. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana hawa turakun waya yana ɗaura igiyar tarho, har aikin ya mutu ya bar shi da ransa da filayarsa. Har gobe bai yarda da duk abin da ke tafiya ta iska ba. Ƙaramin likitan haƙori ne, mutum mai guga har a hankici, kowa Likita yake ce masa.

Gida ɗaya mahaifinsu ya bar musu, dogo kamar jirgin ƙasa. Likita a gaba, Kawu a baya. Shekara bakwai da suka wuce Likita ya sare bishiyar lemon da Kawu ya dasa, don ya sami wurin ajiye mota. Kawu ya tsaya a kan kututturen ya rantse a gaban kowa cewa ƙafarsa ba za ta ƙara taka sashen Likita ba. Ya fasa ƙofa ta baya. Tun daga ranar duk maganarsu ta bakina take bi.

"Gaya wa mai cire haƙorin nan ruwan wankin motarsa yana shigo min."

"Gaya wa kawun naka ruwa gangare yake bi, ba ni na tsara ƙasa ba."

Abu ɗaya ya rage da ya haɗa su, wato waifai. Layin intanet ta gaban gida ya shigo. Tun kafin rigimar, 'yar Kawu, malamar jinya ce a wani gari mai nisa, ta kawo wasu fararen na'urori guda huɗu. Babbar muke kira uwa, tana falon Likita. Ƙananan ukun 'ya'ya, Kawu ya kafa su da hannunsa, kowace tana miƙa wa ta gaba sabis har ya kai ɗakin ƙarshe.

A ɗakin ƙarshen nan Iya take, matar Kawu. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinta ya shanye. Bangon ɗakin kauri gare shi, sabis ɗin waya ba ya shiga ko ɗigo. Kullum da safe 'yar takan kira ta bidiyo, ta sa ta ɗaga hannu, ta matse ƙwallon roba, ta maimaita kalmomi ɗaya bayan ɗaya. Iya ba ta yi wa kowa wannan wahalar sai ita. In Kawu ya miƙa mata ƙwallon, bango take juya wa fuska.

Sai Likita ya sayo sabuwar na'urar waifai, wai ita rauta, baƙa, mai ƙahoni shida, kamar gizo-gizon da aka kifar. Ya cire tsohuwar uwar, ya sa a leda, ya rataya a mariƙin ƙofar Kawu ba sallama. Washegari fitilun 'ya'yan nan uku duk suka koma ja.

"An rubuta a kwalin tana kai wa ko'ina a gida," in ji Likita da na kai masa ƙara.

"Likita, ba ta wuce ƙofa ta biyu ba," na ce.

"To ya sayi sababbin ƙanana. Waɗancan kayan tarihi ne, kamar mai su."

Na kai saƙon, na rage masa gishiri. Duk da haka Kawu ya ji ɗanɗanon.

"Tarihi? Lafiyarsu ƙalau! Shi da bai san komai ba sai cirewa. Haƙori ya yi ciwo, cire. Bishiya ta yi inuwa, cire. Ni ma da zai samu filayar da ta kai girmana da tuni ya cire ni."

Muka gwada haɗa na'urorin. Ni ina falon Likita ina danna maɓallin sabuwar, Kawu yana can baya yana danna na 'ya'yan, muna ƙirga ɗaya, biyu, uku ta taga kamar masu ɗaga mota. Fitila ta yi ta ƙifta ido, ta ba mu rai, ta koma ja. Sau tara. Iya kuwa kwana huɗu ba ta taɓa ƙwallo ba. Da safe takan zuba wa wayar ido, in ta gaji ta rufe nata.

Na ja Kawu zuwa shagon masu na'ura. Mai shagon ya juya ɗaya daga cikin 'ya'yan, ya karanta ƙasanta, ya girgiza kai.

"Baba, waɗannan uwarsu kawai suka sani. Sabuwar ba zamaninsu ɗaya ba, ba za su gane juna ba ko ka kwana kana dannawa."

"Wato ka ce in zubar."

"Ban ce ba. In tsohuwar uwar tana nan, a jona ta da sabuwar da kebul, a saita ta ta riƙa karɓa daga can tana raba wa 'ya'yanta. Amma fa sai an ja igiya daga wannan ɗaki zuwa wancan."

Ban taɓa ganin fuskar Kawu ta yi haske irin na ranar ba. Igiya! Ya sayi mita arba'in, ya riƙe ta a ƙirji har gida.

Matsalar ita ce rantsuwa. Sabuwar rautar tana falon da ba zai taka ba, kuma ya ce ba zai roƙi Likita ko da izinin buga ƙusa ɗaya ba. Na ce ya bar ni in ja ta ƙasa. Ya dube ni kamar na ce zan yi masa tiyata.

"Kai da ko ƙwan fitila sai ka kira mutum? Ta sama zan bi. Sama ba sashen kowa ba ce. Kai dai je ka zauna a falonsa kamar ka zo gaisuwa. In ka ga igiya ta leƙo ta ɗan rami a bayan kabad, ka soka ta."

Mutum mai shekara sittin da takwas, da tocila a baki, ya shige cikin sili. Ya bi katako ɗaya bayan ɗaya tun daga ɗakin Iya, ya kusa kai wa, sai wani katakon da gara ta riga shi zuwa ya ce bai san zancen ba.

Likita ya dubi kofinsa, ya dubi ƙafar. Ya san ta, tare suka girma.

"Yaya," ya ce, kuma wannan ce kalmar farko da ya yi masa kai tsaye cikin shekara bakwai, "ka fasa min sili."

"Silin ubanmu ne!" murya ta amsa daga sama, a toshe.

"Ɓarawo ma ta ƙofa yake shigowa."

"Ɓarawo shi ne wanda ya sace wa mara lafiya 'yarta kwana huɗu, saboda ya sayi gizo-gizo!"

Likita ya juyo gare ni.

"Kwana huɗu ba ta yi motsa hannun ba?"

Na ce ko sau ɗaya.

"Me ya sa ba a gaya min haka ba?"

"Da ka tambaya?" in ji sili.

A lokacin ne kan igiyar ya sulalo ta gefen ƙafar, shuɗi, yana reto. Na miƙe zan kama, Likita ya buge min hannu. Ya ja ta da kansa, ya hure ƙurar, ya soka a bayan gizo-gizonsa har ta yi ƙas.

"Gaya wa kawun naka don matarsa na yi. Kuma shi zai gyara min sili."

"Gaya masa ya jira!"

Mu biyu muka tura ƙafar sama, Likita yana riƙe da diddigen da 'yan yatsu biyu kamar ruɓaɓɓen haƙori. Kafin rana ta take, mun saita tsohuwar uwar a kan kabad ɗin Kawu, fitilun 'ya'yan suka koma fari ɗaya bayan ɗaya. Washegari na ji muryar 'yar daga ɗakin ƙarshe tana cewa, "Sake matsewa, Iya, saura uku," Iya tana ƙunƙuni tana matsewa.

Kada ku ɗauka an shirya. Ramin yana nan har yau, igiyar tana saukowa ta cikinsa a tsakiyar falo, baƙi suna kauce mata. Likita ya ce wanda ya fasa shi zai toshe. Kawu ya ce ba a toshewa ta sama, ta ƙasa kuwa ba zai shiga ba. Silifas ɗin ma yana wurin Likita, ya ce mai shi ya zo ya ɗauka.

Kwanan baya na tarar da Kawu yana goge 'ya'yan nan uku da tsumma, na ce bari in tsokane shi.

"Kawu, ashe rantsuwa ta karye. Kowa ya ga ƙafarka a falon Likita."

Bai ko ɗago ba.

"Kai kana wurin, ɗan yayata. Ka ga ta taɓa ƙasa?"