Ranar da Na Ce Taubashina Ya Iya Zamiyar Ƙanƙara

Laifina ne, kuma gara in faɗa tun da farko kafin wani ya fara nema mini uzuri. Na ga abubuwa da yawa a shekarun da na yi a Alƙahira, akasarinsu sun shuɗe, amma ranar da na kai taubashina wasan zamiya a kan ƙanƙara tana nan a raina har in koma ga Allah.

Karatu ne ya kai ni Masar, sai dai bai yi nisa ba. Na tsaya a ajin koyon harshe, na koma hidimar baƙi. Ina ɗauko marasa lafiya da 'yan kasuwa daga filin jirgi, in kai su asibiti ko kasuwa, in yi musu tafinta. Larabcin littafi bai zauna mini ba, amma na titi kam ko direban ƙaramar bas ɗin haya ba ya ja da ni. Taubashin nawa, ɗan gwaggona, shi akasin haka ne. Ya haddace Alƙur'ani, ya sha nahawu tun a gida, wata ƙungiya ta garinmu ce ta ɗauki nauyin karatunsa, da sharaɗin duk wanda ya maimaita shekara an cire shi. Wata uku da zuwansa bai fara jin maganar Misirawa ba. In ya je sayen burodi a unguwar Abbasiya sai ya zuba musu Larabcin huɗuba, mai shagon ya yi ta dariya. Don haka duk inda za shi ni ne bakinsa, ni ne kunnensa. Ina kiransa bawana, kamar yadda ɗan namiji kan yi wa ɗan mace, shi kuma yana ce mini Bamisire.

Akwai wani katafaren kanti can bayan gari, a cikinsa aka gina wani ɗaki mai girman filin ƙwallo, aka cika shi da dusar ƙanƙara, aka yi masa gangara kamar tsauni. Wurin kashi uku ne. A ƙasa akwai ɗan fili mai sauƙin gangara inda malami ke koya wa sababbi tsayuwa da birki. A tsakiya akwai na waɗanda suka iya juyawa da tsayawa. Na sama kuwa sai an hau wasu kujeru masu tafiya a jikin igiyar ƙarfe, kuma na gwanaye ne.

Sau ɗaya na taɓa shiga, da na raka wani baƙo. Awa guda na yi a filin sababbi, rabinta a kwance. Amma da na fito na sa aka ɗauke ni hoto da hular kwano da sanduna, babbar gangarar tana bayana, na tura wa 'yan gida, na bar su suka ɗauka daga can na sauko. A ɗakin canza kaya kuma na ji wani ɗan Lebanon yana hira da wani ɗan Maroko, suna kwatanta ƙananan wuraren zamiya na duwatsun ƙasashensu. Wannan ya ce akwai na wani ƙauye da ya dace da mai koyo, akwai wanda sai mai shekaru a wasan. Wancan ya ce nasu ba shi da faɗi amma akwai duwatsu a gefe. Suka haɗu a kan cewa wannan na cikin kanti ko na masu koyo a ƙasashensu ya fi shi wuya. Na riƙe maganar nan kamar ni aka yi wa ita. Ban tsaya na yi tunanin cewa mutanen nan tun suna yara suke kan ƙanƙara ba.

Saura sati uku jarrabawarsu na same shi a ɗaki ya dafe kai a kan littafi.

Na ce, “Bawana, tashi in kai ka ka ga ƙanƙara, kanka ya huce.”

Ya ce, “Wace ƙanƙara a ƙasar Fir'auna? Ta cikin firij?”

“Kai dai taso. In ka koma gida ka samu abin ba Gwaggo labari, ba kullum mubtada da habarin nahawu ba.”

Ya yi ta noƙewa, na yi ta tsokanarsa har ya ɗauki rigar sanyinsa.

A wurin karɓar kaya akwai wani ma'aikaci, dattijo-dattijo haka, mai furfura a gemu. Shi ke tantance mutane. Ya tambaye ni da harshensu ko mun taɓa yi, ko mun iya tsayawa, ko mun iya juyawa. Ya ce wanda bai iya ba dole ya fara daga ƙasa da malami. Na dubi filin sababbin ta gilashi, na tuna yadda na yi ta faɗuwa a can, na ga in muka shiga asirina zai tonu a gaban taubashina. Sai na ce masa mu biyun mun iya, mun sha yi a Lebanon.

Mutumin ya dubi taubashina, wanda ke juya takalmin zamiyar a hannu yana neman inda ake buɗe shi. Ya sake tambayata, har da nuna shi da yatsa: wannan ma? Na ce tamam, shi ma.

Taubashina ya ce, “Me yake cewa ne?”

Na ce, “Lambar takalminka yake tambaya.”

Mutumin nan ya yi aikinsa, sau biyu ya tambaya. Ni ne na tsaya tsakaninsu.

Da muka shiga sanyi ya doke mu, taubashina ya tsuguna ya damƙi ƙanƙarar yana tasbihi, yana dariya kamar ba shi ba. Ya hango masu koyo sun jeru a bayan malaminsu, ya ce ba can za mu fara ba? Na ce can na yara ne da mata masu tsoro. Da ƙyar muka hau kujerar, wajen sauka kuma muka zube tare, ya ce, “Bamisire, haka gwanayen suke yi?” Na ce ai shi ya ja ni.

Na miƙe na dubi ƙasa. Daga gilashi gangarar ba ta kai haka ba. Mutanen da ke ƙasa sun zama ƙanana. Na san ba zan iya sauka ba. A nan ne ya kamata in ce masa mu cire allunan zamiyar da ke ƙafafunmu mu nemi a sauke mu. Maimakon haka sai na zaro waya.

Na ce, “Fara tafiya in ɗauke ka, sai in biyo ka.”

Ya ce, “To yaya ake tsayawa?”

“Da kanta take tsayawa a ƙasa. Ko tsoro kake ji, ɗan mace?”

Ya yi bisimilla ya tura kansa da sandunan.

Allunan suka miƙe da shi sak. Da farko na ji yana dariya, daga nan dariyar ta ɗauke. Gudu yake ƙarawa, hannayensa suna ta neman abin kamawa a iska, wani mai saukowa ya kauce masa da ƙyar. Wajen tsakiya, inda gangarar ta ɗan lanƙwasa, allo ɗaya ya harɗe ɗaya. Na ga ya tashi sama ya juya, ya sauko a kan hannunsa na dama, ya gangara har jikin shinge. Bai motsa ba.

Wayar tana hannuna tana ta ɗauka. Na kasa ihu, na kasa taku ɗaya. Wani ma'aikaci ne ya zo ya cire mini allunan, ya riƙe ni kamar tsoho muka sauko ta gefe. Kafin in isa masu agaji sun kewaye shi. Da suka yanke hannun rigar na ga abin da ban taɓa gani ba, hannu ya lanƙwashe a inda babu gaɓa, ƙashi ya taso fata. Fuskarsa ta yi fari fat, yana salati a hankali.

Dattijon nan mai tantancewa ya iso da sauri. Ya dubi taubashina, ya dube ni da aka sauko da ni a riƙe, ya ce da ni cikin sanyin murya, ba ka ce mini kun iya ba?

Taubashina, a cikin wannan azabar, ya buɗe ido ya ce, “Me ya ce?”

Na ce, “Sannu yake yi maka.”

An yi masa tiyata, aka sa ƙarfe a wuri biyu. Yatsunsa sun yi wata da watanni ba sa riƙe alƙalami, ga maganin da ke sa shi barci. Jarrabawa ta zo ta wuce. 'Yan ƙungiyar da suka ji a wurin wasa abin ya faru, ana saura sati uku jarrabawa, ba su saurari wani bayani ba, suka cire shi. Ya tattara littattafansa ya koma gida. Ni na yi jinyarsa, ni na kai shi filin jirgi, kuma kowa yabona yake yi. Gwaggo ta kira ni tana sa mini albarka, ta ce ba don ni ba da ɗanta ya wulaƙanta a ƙasar mutane. Na amsa da amin. Babu abin da ya fi wannan amin ɗin ci mini rai.

Shekara biyu na yi ban zo gida ba, ina cewa aiki ne. Da na zo, na same shi yana koyarwa a wata islamiyya, yana rubutu a allo da hannun hagu. Bayan la'asar muka zauna a tsakar gidan Gwaggo, tana gefe tana tsince shinkafa. Na ce ina da magana. Na faɗa masa komai, tun daga hoton da na tura, da abin da dattijon ya tambaya, da abin da na amsa, da dalilin da ya sa na tura shi gaba.

Ya daɗe yana kallon tabon hannunsa. Gwaggo ta ajiye tiren.

Can ya ce, “Wato akwai inda ake koyo.”

Na ce akwai.

Ya ce, “Ni duk zatona kowa daga sama yake farawa, ni kaɗai ne na kasa. Shekara biyu ina zagin kaina.”

Bai kira ni Bamisire ba, bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da na koya ba mai tsawo ba ne. Wanda ya ba ka kunnensa da bakinsa a ƙasar da ba ya jin harshe, ransa ya damƙa maka. Kuma cewa ban iya ba kalma ce gajera, da na faɗe ta ranar da an yi mini dariyar minti biyar, shi ke nan. Yanzu a aikina ko likita tari ya yi sai na gaya wa mara lafiya.

Na sauko daga tabarma na durƙusa a gabansu su biyu. Na ce, “Gwaggo, albarkar da kika sa mini ban cancance ta ba. Kai kuma ɗan'uwana, ba kasawa ka yi ba, ni ne na cuce ka. Na karya maka hannu, na raba ka da karatunka, na bar ka da laifin da ba naka ba. Ba ni da abin da zan mayar maka. Ko ba yau ba, in zuciyarka ta iya, don Allah ka yafe mini.”