Nedyalka Mandova, Mai Karanta Takardar Zuciya

Haihuwa da Karatu

An haifi Nedyalka a shekarar 1941 a garin Devin, 'yar Dimo makiyayi da matarsa Zlatka. Ta yi karatun jinya a Plovdiv daga 1958 zuwa 1961, inda ta koyi ƙa'idojin na'urar da ke zana bugun zuciya a takarda: a ƙirga manyan gidajen takardar da ke tsakanin tsinin bugu da na gaba, a raba ɗari uku da adadinsu, sannan a duba ko layin ya koma mazauninsa bayan kowane bugu.

Aure da Aiki

A 1963 ta auri Kolyo direba, ta kama aiki a ɗakin shan magani na ƙauyenmu, wanda likita ba ya zuwa sai ranar Alhamis. Mace ce mai tsare gida, ba ta da sakin fuska, kuma wallahi ba mu san darajarta da wuri ba.

Al'amarin 1974

A watan Maris na 1974, wani mai saran itace, Stoil Gaidarov, ya shigo neman maganin ƙwannafi, domin a al'adar mazanmu kowane ciwon ƙirji laifin wake ne. Ta kwantar da shi ta auna, sai ta ga layin ya ƙi sauka, ya tsaya ƙananan gidaje uku sama da mazauninsa, alamar jijiyar zuciya ta toshe.

"Sista, ba ni garin maganin nan in tafi, alfadarina na jira," in ji Stoil.

"Alfadarinka ya fi ka hankali, Yaya. Ka tashi daga gadon nan, matarka ta sa baƙin kayan makoki kafin Lahadi."

Ta ɓoye masa takalma, ta karanta wa likitan birni takardar ta waya gida-gida, har ya gamsu ya turo mota. Stoil ya rayu shekara ashirin da shida bayan haka.

Rasuwa

Ta yi ritaya a 1996, ta rasu ranar 9 ga Oktoba, 2019, aka binne ta kusa da mijinta a maƙabartar coci. Ta bar 'ya'ya uku: Rumen, Velichka da Boyan. Wanda ya rubuta wannan tarihi da godiya shi ne Lazar, ɗan autan Stoil Gaidarov, wanda aka haifa a 1976.