Dutse na Goma Sha Biyu

A Doha sanyi wata uku yake yi, wata shekarar ma ba ya kaiwa. A cikin wata ukun nan ne Ogana ya ɗaura niyyar hawa duwatsu goma sha biyu.

Ni direbansa ne. Bature ne mai jan wuya da farin gemu, manaja a kamfanin da ya kawo ni ƙasar. Wata safiya ya shigo mota da takarda, ya manna ta a gaba da salatif. Sunaye ne a jere, kowane da ɗan akwati a gefensa. Ya ce duwatsun Qatar ke nan, wani tsohon ma'aikacin mai ne ya rubuta su tun da daɗewa. Shi da abokansa za su hau su duka kafin zafi ya dawo, kowace Juma'a ɗaya.

Ban yi boko ba, ban iya karanta sunayen ba. Akwatunan dai na ƙirga. Shekara shida ina tuƙi a ƙasar nan, na ga benaye, na ga rairayi, ban ga abin da zan kira dutse ba. Na ce, "To, Oga."

A makon nan ne na kai masa takardar hutuna. Shekara huɗu ban je gida ba. Ƙanwata ta bugo daga Mubi ta ce idon Inna ya tafi gaba ɗaya, kuma tsohuwar ta fara tambaya ko da gaske ina raye, ko waya ce kawai ke magana. Ofis ba ya sakin direba sai ogansa ya sa hannu. Ya duba takardar, ya ninke ta, ya jefa a akwatin gaban mota.

"Bayan na goma sha biyu," in ji shi. "In ka tafi wa zai kai mu daji? Kai kaɗai ka san hanya."

Duk Juma'a ina idar da asuba sai in tafi unguwar Al-Sadd in kwashe su. Da farko su bakwai ne. Kafin dutse na biyar sun zube, saura uku: Oga, da wata Baturiya likita mai agogon da ke ƙirga mata taku, da wani injiniya ɗan Indiya mai ciwon gwiwa. Injiniyan a ƙarƙashin Oga yake aiki, shi ya sa bai zube ba. Shi ke riƙe da taswira a waya.

Kowa da takalmi irin na soja. Kowa da sanda biyu, alhali ba gurgu a cikinsu. Kowa da jaka a baya mai bututun ruwa, suna tafe suna tsotso kamar jarirai. Ga hular sanyi har kunne, a sanyin da ko tsohuwa ba za ta hura wuta dominsa ba a garinmu.

Ranar farko na tsayar da mota inda waya ta ce, na tambaya ina dutsen. Oga ya nuna da sanda. Tudu ne. A kan irinsa matan garinmu ke shanya kuɓewa. Suka daidaita jakunkuna, suka miƙe ƙafafu, suka hau. A tsakiya suka huta. Ni ina biye da su da silifas, kular abinci a ka.

Suna da ƙa'ida. In an kai sama kowa ya ɗauki ɗan dutse ya ɗora a tsibi ɗaya. Sai hoto. Sai Oga ya ciro jan biro ya cike akwati. Sannan a sha karak, shayin madarar da nake sayo musu a hanya. In babu hoto, ba a hau ba. Sau biyar sallar Juma'a ta wuce ni saboda wannan ibadar tasu.

A saman na huɗu Likita ta ga ba na haki, ta ce, "Direba, ka taɓa hawa dutse na gaske?"

"Sau ɗaya."

"A ina?"

"Bayan garinmu, wajen Gwoza."

"Awa nawa ka yi?"

"Kwana uku."

Ta zaro ido. "Kwana uku! Me ka ɗauka a baya?"

"Uwata."

Suka fashe da dariya. Likita ta ce ashe na iya barkwanci. Oga ya goge gemu ya ce, "Ka yi hoto a sama?"

"A'a."

"To wannan ba ya shiga jeri."

Shekarar da aka ƙone garinmu ce. Inna a bayana, na ɗaure ta da zaninta, ƙanwata a gaba da buta ɗaya. Ban gaya musu ba. Shayinsu zai huce.

Haka muka cike akwati goma sha ɗaya. Wani tudun raƙumi muka tarar a kansa yana tuƙa, sai da suka jira ya sauka. Wani kuma mota na iya hawa, amma Oga ya ce haramun ne.

Na goma sha biyu yana kudu, in ka wuce garin Al Wakrah. Muna tafe muryar matar nan ta waya ta ce mun iso. Na taka birki. Fili ne shimfiɗe kamar tabarma, tireloli a jere, wani direba ɗan Pakistan yana wanke rigarsa a bokiti. Oga ya fito da sandunansa biyu ya zagaya wurin. Ya dawo ya karɓi wayar, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

"Dutse ba ya tafiya," in ji shi. "Taswirar ce ta yi kuskure. Za mu neme shi."

Ni na san yana tafiya. A tifa yake tafiya. Shekara biyun farko da na yi a ƙasar nan tifa nake ja, kuma muna cikin waɗanda suka kwashe tudun nan. Mai kyan aka zuba a ƙarƙashin titi. Ragowar muka kai wani wuri da ake jibge ƙasar gini da ɓaraguzan gidajen da aka rushe. Da na faɗa masa haka, na san halinsa. Zai ce jeri ya lalace, sai an nemi wani dutsen a madadinsa, sai an tambayi masana. Akwati zai zauna babu komai, takardata ma haka.

Juma'a biyu muka yi muna yawo a daji muna neman abin da ke ƙarƙashin tayarmu. Rana ta fara cizo tun ƙarfe tara. Likita ta cire hula. Injiniya yana ɗingishi yana duban sama. Ranar Talata ƙanwata ta sake bugowa. Ta ce Inna ba ta ƙarasa kofin kunu yanzu.

Ranar Alhamis na ajiye Oga a ofis na tafi wurin jibgin. An kewaye shi da waya. Mai gadin ɗan Zangon Kumasi ne, ɗaki ɗaya muka zauna da shi lokacin ina tifa. Yana gani na ya miƙe daga kujerar roba.

"Ɗan Najeriya! Sun kore ka daga mota mai sanyi ne? Ka dawo cin ƙasa?"

"Baƙi zan kawo maka gobe."

"Me za su zubar?"

"Hawa za su yi."

Ya juya ya dubi tulin, ya dawo ya dube ni. "Massa, bolar nan? Nawa za a biya su?"

"Su suka sayi takalmi da kuɗinsu."

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ɗauka ya kaɗe. "Ku 'yan Najeriya, ko Bature kuka samu sai kun sayar masa da bola. To ni fa, me zan ci?"

"Soyayyiyar kaza, rabin kula. Da karak."

"Cinya nake so, ban da fiffike."

"Ka ji. Allon can mai hoton tifa, ka kifar da shi."

"In shugabana ya zo fa?"

"Ranar Juma'a? Yaushe ka taɓa ganinsa?"

Da yamma na ce wa Oga na san inda dutsen yake. Ban yi ƙarya ba. Ragowarsa tana cikin tulin. Da hannuna na juye shi.

Washegari na bi da su ta baya, inda ba a ganin hanyar da tifofi ke hawa. An yi ruwa sau biyu a sanyin nan, ƙasar ta daskare, ciyawa ta tsiro, har da wasu ƙananan furanni rawaya. Tulin ya fi duk goma sha ɗayan nan tsawo nesa ba kusa ba. Oga ya fito daga mota ya tsaya, baki buɗe. Mai gadi ya buɗe ƙofa ya ƙame ya sara masa kamar janar.

"Yalla, yalla, ku shige," in ji mai gadin, fuska a murtuke, kafaɗunsa na rawa.

A ranar ce kaɗai sandunansu suka yi aiki. Ƙasa na zamewa, ana hawa uku ana dawowa ɗaya. Oga yana haki yana murna. Likita ta duƙa ta tsinci wani ɗan fashe mai shuɗi, ta goge shi da yatsa, ta ce lallai tukunyar mutanen da ce. Ta naɗe shi a hankici. Tayil ɗin banɗaki ne. Na kwashi irinsa tifa-tifa.

Dab da sama Injiniya ya tsaya. Oga da Likita sun yi gaba. A gaban takalminsa rodi ne ya leƙo daga cikin kankare, ya yi tsatsa, ya lanƙwashe. Mutumin da gini ne abincinsa. Ya dubi rodin, ya dubi waya, ya dube ni.

"Direba," ya ce a hankali, "wannan ai..."

"Na goma sha biyu ne, Oga Injiniya. Ko kana son wata Juma'ar?"

Ya dubi gwiwarsa. Ta kumbura har ta cika wando.

Oga ya ƙwala kira daga sama, "Me waya ta ce?"

Injiniya ya sauke jakarsa a kan rodin, ya sa wayar a aljihu. "Babu sabis, Oga. Amma nan ne. Tabbas nan ne."

Daga sama ana hango teku, da benayen Doha can nesa, da jirage suna sauka a filin jirgin Hamad ɗaya bayan ɗaya. Oga ya cire hula ya yi jawabi. Ya ce dutsen nan yana nan tun kafin a yi mutum, kuma zai kasance bayan mun shuɗe. Ya ce a irin wurin nan ne mutum ke sanin shi ba kome ba ne. Idonsa ya kawo ruwa. Daidai inda yake tsaye tayar tifata ta taɓa fashewa, na yini a rana ina jiran makaniki.

Suka ɗora duwatsunsu. Oga ya ce yau ni ma sai na ɗora, tunda ni na gano shi. Na ɗauki guntun bulo na aza. Likita ta ɗauke ni hoto, kula a gefena.

"Yanzu kana da dutse ɗaya," in ji Oga.

"Na gode, Oga."

Ya ciro jan biro ya cike akwatin ƙarshe. Ya ɗaga takardar sama ya ce, "Kalas! An gama!" Kafin ya sauke hannu na miƙa masa tawa, ta hutu. Tun asuba na cire ta daga akwatin mota na sa a aljihun riga. Ya yi dariya ya ce ba na ɓata lokaci. Ya kai jan bironsa, na tare da shuɗi. Ofis ba ya karɓar jan tawada. Na tambaya tun makon farko, kuma tun ranar biron nan yake aljihuna. A kan murfin kula ya sa hannu.

Da muka sauko na ba mai gadi cinyoyinsa. Likita ta ce masa wannan ya fi duka kyau, ya kamata hukuma ta kula da shi. Ya gyaɗa kai da ladabi, baki cike da kaza. Sannan ya ce mini da Hausa, "Gaya musu su dawo baɗi. Zai ƙara tsawo."

Kwana tara bayan haka na sauka a Mubi. Na tarar da Inna a kan tabarma a ƙofar ɗakin ƙanwata. Ta rame. Yanzu da hannu ɗaya zan iya ɗaukarta. Na durƙusa na yi gaisuwa. Ba ta amsa ba sai da ta shafa fuskata, ta bi goshi, ta bi kunne, ta samu tabon da ƙaya ta yi mini a kan dutse. Sannan ta ce a kawo kunun. Ta shanye.

Da la'asar ta tambaye ni wane aiki nake yi a can da ya hana ni zuwa.

Na ce, "Turawa nake kaiwa su hau dutse, Inna."

"Dutse?"

"Goma sha biyu."

Ta juyo da fuskarta wajen muryata.

"Wa ya koro su?"

"Babu kowa."

"Haka kawai?"

"Haka kawai."

Ta daɗe tana jan carbi.

"Allah ya ba su lafiya," in ji ta.